Mahaucin Kawu

Cikin duk waɗanda suka zo ta'aziyyar Kawu, ban ji wanda ya ce mutum ne mai haƙuri ba. Na lura da haka domin ni ne a bakin ƙofa ina karɓar mutane, kuma a iya sanina wannan ce shaidar da ake fara yi wa kowane mamaci. An ce mai gaskiya ne. An ce ba ya cin amana. Wani Alhaji mutumin Maraɗi, wanda ya fi kowa daɗewa da shi a Guangzhou ta ƙasar Sin, ya shafa fatiha ya ce, "Allah shi jiƙan Malam. Walle ya taɓa marina, ya mari ɗana, kuma duk sa'ad da ya yi, shina da gaskiya." Aka ɗan yi dariya, sai aka ji kunya, aka koma salati.

Mahaifiyata, wadda take ƙanwarsa, ta kira daga Kano tana kuka. Abin da ta fara tambaya shi ne, "Hannun fa? An wanke masa hannun nan da kyau?" Na ce an wanke. Kawu Ƙarami kuwa, autansu, ya riga ya iso garin domin baje kolin kaka da ake yi a Pazhou, sai rasuwar ta same shi a nan. Bai yi kuka ba. Da muka dawo daga makabarta ya naushi bango sau ɗaya, fatar yatsunsa ta fashe, ya zauna.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da Kawu, kuma don kada a ci gaba da tuna shi da labarin da ba haka yake ba. Ba duk abin da zan faɗa na gani da idona ba. Inda ji na yi, zan ce ji na yi. Idan na yi kuskure a wani wuri, laifina ne, ba nasa ba.

Iska ce sanadinsa. A saman benen da ofishinsa yake, kusa da titin Huanshi Lu, ya kafa wata ƙaramar na'urar auna iska, irin mai kofuna da ke juyawa. Babu wanda ya sa shi, babu wanda yake kai wa rahoto. Da aka yi gargaɗin guguwar teku, ya hau da rana tsaka don ya kwance ta, kada ta tsinke ta faɗa kan wani a titi. Kwanon rufin wani gini ya taso ya same shi a wuya. Ba zan bayyana abin da na gani ba. Abin da zan ce kawai, an same shi da na'urar rungume a ƙirji. Ya riga ya kwance ta.

'Yan kasuwarmu sun san shi a matsayin mai duba kwantenoni masu sanyi a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Kafin kifi ko wani abin da ke lalacewa ya hau jirgi, shi ake kira ya tabbatar sanyin ya kai. Kaɗan ne suka damu da cewa asalinsa masanin yanayi ne. Karatu ya kawo shi ƙasar Sin yana saurayi, kuma wani malaminsa ya shigar da shi cikin ayarin masu bincike da suka je Antatika, can ƙarshen kudancin duniya, suka yi hunturu guda suna auna iskar sama. Yadda aka yi aka ɗauki baƙo cikinsu, ban tabbata ba. Shi dai ba ya kiran wurin da sunansa. Cewa yake, "lokacin da nake Ƙanƙara."

Daga Ƙanƙara ya dawo da yatsu biyu a hannun dama, babba da manuni. Idan ya ga ana kallon hannun sai ya ɗaga manunin ya ce, "An bar min na tahiya, me kuma nake nema?" A gida kowa ya san yadda aka yi, ko kuma kowa yana jin ya sani. Ranar da ya fara komawa Kano, kakata ta riƙe hannun ta ce wa ya yi maka wannan, ya ce wani mahauci ne ɗan Caina. Daga nan labari ya kafu: wani mugun abokin aiki ya sare masa yatsu a wurin faɗa. Kakata ta yi ta kai ƙarar mutumin nan wurin Allah bayan kowace asuba har ta bar duniya. Mu ma da haka muka tashi.

Zafin ransa ya sa labarin ya yi kama da gaskiya. Na taɓa binsa Pazhou, inda wani mai masana'anta yake tallar ma'aunin zafi. Kawu ya ɗauki guda uku ya jera, ya ga kowanne da abin da yake nunawa. Ya tambayi mutumin wanne ne mai gaskiya a ciki. Mutumin ya yi murmushi ya ce duk masu kyau ne, lawban, wato maigida. Kawu ya ajiye su a ƙasa ya bi su da dunduniya ɗaya bayan ɗaya, gilashi yana tarwatsewa, mutane suna ja da baya. Ni kam na riga na fara ba da haƙuri da duk yaren da na iya. A hanya ya ce min, "Abin da ke yi wa mutum ƙaryar sanyi, kisa yake nufi." Ni har yau ina ganin da akwai wata hanyar da ta fi wannan. Amma ban faɗa masa ba.

Yana kirana Malam Wataƙila, saboda ya ce bai taɓa jin na gama magana ba tare da na bar wa kaina ƙofar fita ba. Kuma yana da wata ɗabi'a da ke ba baƙi mamaki. A bayan ƙofar ofishinsa akwai ƙusa, a jikinta tawul. Duk wanda ya yi alwala a famfonsa, kafin ya miƙe zai ji tsawa: "Goge hannunka!" Mu kuwa a gidanmu ba a gogewa. Kakata ta koya wa 'ya'yanta cewa ruwan alwala a bar shi ya bushe da kansa, lada ne ke ɗiga.

Ni a jikina na koyi dalilin. Ban daɗe da zuwa karatun digiri na biyu ba, na raka shi wani ɗakin sanyi a Huangpu. Na yi alwalar azahar a famfon waje, sai aka kira shi ciki kafin mu tayar da salla, na bi shi. Na miƙa hannu zan dafa wani ƙarfe. Ban ga tahowar hannunsa ba. Na dai ji kaina ya bugi bango, bakina ya cika da jini, ni da gemuna, a gaban leburori. Ya shaƙe wuyan rigata ya ja ni waje yana cewa, "Goge hannunka, ɗan banza! Goge!"

Bai ba ni haƙuri ba. Bayan mun yi salla ya sayo shayi, ya zaunar da ni kan wani akwati, ya ba ni labarin Ƙanƙara. Abin da zai biyo baya daga bakinsa na ji, kuma sau ɗaya kawai.

Ya ce aikinsu ba wani abin burgewa ba ne a ido. Sau biyu a rana ana hura wata ƙatuwar balan-balan da gas, a ɗaura mata ƙaramin akwatin awo, a sake ta sama. Tana tashi tana aiko da bayanin sanyi da laima da ƙarfin iska har ta fashe. Lokacin sakinta ɗaya ne a duk duniya, don haka ba a jinkirta shi saboda kowa. Tsakanin nan kuma a hau hasumiya a kankare ƙanƙarar da ta daskare a kan na'urori. Rana ta faɗi ta ƙi fitowa wata da watanni, har ya koma bin agogon Kano wajen salla. Gashin ido yana manne wa juna. Numfashi yana zama ƙanƙara a gemu. Daga ɗakin kwana zuwa rumfar balan-balan an ja igiya, domin idan iska ta taso ko tafin hannunka ba ka gani, kuma wanda ya saki igiyar sai dai a tono shi idan rana ta dawo.

"Iskar can ba kaɗawa take ba," in ji shi. "Duka take. Na ga ta ɗauki gangar mai cike ta maka da bango kamar gwangwanin madara."

Ruwa kuwa sai an sari ƙanƙara da shebur an narkar. Wani ɗan ƙasar Sin, sa'ansa, shi ne mai wannan aikin, kuma ga Kawu yana zuwa da buta sau biyar a rana. Mutumin ya yi magana, Kawu bai ji ba. Mutumin ya ɓoye butar. Kawu ya ɗauki kwanon taliyarsa ya watsa a bango. Suka kama juna a ɗakin cin abinci, suka karya kujera, sai da mutum huɗu suka raba su. Shugaban sansanin ya hukunta su da abin da ya fi musu zafi: ya haɗa su aikin balan-balan tare.

Ranar da abin ya faru, lokacin salla ya matso kusa da lokacin sakin balan-balan. Kawu ya yi alwala da sauri da niyyar yin salla idan ya dawo, ya zura hannu cikin safa yadda yake da danshi, kamar yadda aka koya masa tun yana yaro. A rumfar, zaren akwatin awo ya sarƙe. Ya cire safar dama don ya warware. A daidai nan iska ta buge shi, ya kai hannu ya cafki ƙarfen ƙofa don kada ta tafi da shi. Hannun ya kama. Ya ja, ya ƙi.

Maganin abin ruwan ɗumi ne, amma ruwan ɗumi yana can ɗaya ƙarshen igiyar, iskar kuma tana ƙaruwa. Abokin faɗansa ya duba hannun, ya duba waje, ya zaro wuƙar da suke yanka zare da ita. Kawu ya ce shi a ransa ya gama yarda cewa ramuwa mutumin zai yi. Ya harbe shi da ƙafa. Ya cije shi ta cikin riga. Mutumin ya yi ta yi masa ihu yana nuna sama, Kawu yana zaginsa da Hausa. Daga ƙarshe mutumin ya dunƙule hannu ya sauke masa a baki, haƙori ya karye, jikinsa ya saki. Ya zura wuƙar tsakanin ƙarfen da naman, ya fere. Fatar tafin ta zauna a jikin ƙofa. Ya ɗaure Kawu a ƙugunsa, ya bi igiya da rarrafe yana jansa, jinin yana daskarewa kafin ya kai ƙasa.

Yatsu uku suka yi baƙi. Likitan sansanin ne ya cire su daga baya, mutumin nan yana danne da ƙirjin Kawu. Da mutumin ya ga hannun a naɗe ba ya taɓa ruwa, ya tambaye shi yaya zai yi da sallarsa. Kawu ya gaya masa akwai taimama, amma ina ƙasa a nan? Mutumin ya fita ya tono wani faffaɗan dutse a bakin teku. Kafin kowace salla sai ya ɗora shi kan hita ya yi ɗumi, sannan ya kawo masa. Da hannun ya warke aka koma alwala, shi ne mai tsayawa a kansa da tawul. Tun daga nan Kawu yake kiransa Mahauci, shi kuma yana amsawa.

Na ce, "Kawu, to me ya sa ba ka gyara maganar a gida ba?"

Ya ce, "In je in ce wa uwata tarbiyyarta ce ta cinye min yatsu? Gara ta tsine wa wanda ba ta sani ba. Ai addu'ar ma ba ta kama shi, ƙiba yake ta yi." Ya kurɓi shayi. "Idan na mutu ka faɗa, in za ka iya. Kai da komai sai ka ce wataƙila."

Ban taɓa ganin mutumin ba sai ranar sadakar uku. Mun ture kwalaye gefe mun shimfiɗa tabarmi a ofishin, mutanen Kano da na Maraɗi da na Yamai sun cika wurin. Gab da la'asar wani tsoho ɗan ƙasar ya tsaya a bakin ƙofa, mai furfura, da tabarau, riƙe da ledar lemo. Ya cire takalmansa ba tare da an ce masa ba. Alhajin Maraɗi ya ɗaga kai ya ce, ba da wata manufa ba, "A'a, ga Mahaucin Malam nan. Shi ka tsare mai ofis duk Juma'a in mun tai masallaci."

Kawu Ƙarami ya ce, "Wa ka ce?"

"Mahauci. Haka Malam ka kiran shi."

Ban san mai jiki irin nasa yana iya tashi da wannan saurin ba. Ya tsallake mutum biyu, ya cakumi kwalar tsohon, ya kai masa naushi a fuska. Tabarau ya fashe. Tsohon ya faɗa cikin kwalaye, lemo ya watse a kan tabarmi. Kawu Ƙarami ya bi shi yana cewa, "Kai ne! Kai ne ka nakasa min ɗan'uwa, har kana da idon zuwa gaisuwarsa! Uwarmu ta mutu da baƙin cikinka!" Tsohon bai ɗaga hannu ya kare kansa ba. Jini yana bin haɓarsa, yana kallon wurin da Kawu ya saba zama.

Mutane suka miƙe, amma na ga wasu suna jan ƙafa, domin su ma labarin da suka sani ke nan. Wani ya ce a fitar da tsohon kafin 'yan sanda su ji. Na san idan aka fitar da shi a haka, shi ke nan, zuriyarmu za ta ci gaba da tsine wa mutumin da ya ja Kawu a ƙugunsa. A ɗakin nan kaf ni kaɗai na san haka. Kuma ban taɓa musa wa babba magana a gaban mutane ba. Na shiga tsakaninsu, naushi na biyu ya same ni a leɓe, daidai inda yayansa ya taɓa fasawa.

"Matsa, yaro!"

"Kawu, ka yi haƙuri, ba haka aka yi ba."

"Kai za ka gaya min? An haife ka a lokacin?"

Na faɗa. Ban faɗa da tsari ba, jini yana shiga min baki, na fara daga wuƙa na koma buta na dawo igiya. Na nuna dutsen da ke gefen dardumar Kawu, wanda kowa ya ɗauka na danne takarda ne. Na faɗi har maganar alwala da kakata.

Kawu Ƙarami ya ce, "Ka tabbata, ko irin wataƙilar taka ce?"

Na ce, "Na tabbata."

"To tambaye shi. Ya sa wa Yaya wuƙa ko bai sa ba?"

Na juya na tambayi tsohon da yarensu. Ya tashi zaune, ya goge haɓa da bayan hannu, ya amsa a hankali. Na ji tsoron fassarawa, amma na fassara yadda ya faɗa, ban rage ba, ban ƙara ba.

"Ya ce ya sa. Ya ce ya ɓata lokaci yana lallashinsa. Da tun farko ya nausa shi, da wataƙila yatsa ɗaya kawai zai rasa. Ya ce wannan abin yana damunsa har yau."

Wannan wataƙilar tasa ce, ba tawa ba.

Kawu Ƙarami ya dubi nasa hannun, wanda ɓawon ciwon bango ya sake fashewa. Wani ya ce la'asar ta yi. Ya juya ya nufi famfo, ya tsuguna, ya daɗe yana alwala fiye da yadda ake daɗewa. Babu wanda ya san abin da za a yi da tsohon, don haka babu wanda ya yi komai.

Shi ne ya miƙe da kansa. Ya taka a hankali, yana lalube saboda babu tabarau, ya zagaya bayan ƙofa, ya kai hannu kan ƙusar ba tare da ya nema ba. Ya zo ya tsaya a kan Kawu Ƙarami da tawul a miƙe. Sai ya yi magana da Hausa, ina jin ita kaɗai ya iya, kuma da irin tsawar mai ita:

"Goge hannunka."

Kawu Ƙarami ya ɗago. Ruwa yana ɗiga daga yatsunsa. A gidanmu ba a gogewa, kuma shi ya fi kowa riƙo da abin da uwarsu ta bari. Ya karɓi tawul ɗin ya goge yatsun ɗaya bayan ɗaya, duka goman. Sannan ya kifa fuskarsa a ciki, kafaɗunsa suka fara girgiza, kukan da bai yi a makabarta ba ya zo.

Da ya sauke tawul ɗin ya jiƙa gefensa a famfo, ya miƙa wa tsohon yana nuna masa leɓe. Ya ce min, ba tare da ya dube ni ba, "Ka tattara masa lemonsa. Ka ba shi wurin Yaya ya zauna har mu idar."

Tsohon ya zauna a wurin Kawu, dutsen yana gefensa, muka tayar da salla.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa zafin hannunsa, ya sanyaya masa makwanci da irin sanyin da ba ya cutarwa.